Bindigar Toka a Ƙasar Kano da Takwararta ta Fashtunawa

A wannan mako za mu juya ga wani makami wanda kowa ya san ƙararsa amma kaɗan ne suka san labarinsa, watau doguwar bindigar nan ta ɗuri wadda waɗansu ke kira bindigar toka, waɗansu adaka, masu barkwanci kuwa su ce harba-ka-ruga. A Wudil da sauran garuruwan hakimai na ƙasar Kano ita ake bugawa in an yi hawan Salla ko naɗin sarauta. Ita ce a dā take shaida wa mutanen ƙauye an ga wata, tun rediyo bai zo ba, kuma ita ce ke rataye a kafaɗar maharbi in ya nufi dawa da rani.

Can gabas mai nisa, a cikin duwatsun da ke tsakanin Afganistan da Pakistan, akwai wata al'ummar Musulmi da ake kira Fashtunawa, su ma suna da irin wannan doguwar bindiga, sunanta a wurinsu jazail. Ta baki ake ɗura duka biyun, albarushi ɗaya suke ci, amma tarihinsu ya sha bamban. Tasu ta hallaka rundunar Ingila a 1842, tamu kuwa ba ta hana Kano faɗuwa ba a 1903. Dalilin wannan bambanci shi muke so mu bi diddigi, domin a cikinsa akwai darasi game da hannun da ya kamata makami ya zauna a ciki.

Hanyar da ta biyo

Sunayenta kaɗai sun isa su nuna inda ta fito. Kalmar bindiga daga bunduƙiyya ta Larabci take, albarushi daga al-barud, harsashi kuma daga ar-rasas, watau darma. Ashe ke nan Hausawa sun fara saninta ne ta wajen Larabawa, ta hanyar Sahara da Tarabulus da Barno. Daga baya wata hanya ta biyu ta buɗe ta bakin teku, inda fataken Turai ke sayar da bindigogi masu araha, su ratso ƙasar Yarbawa da Nufe har su iso Hausa. Mutanen Denmak da ke da gidan ciniki a Ankara ta ƙasar Gana sun yi suna a wannan fatauci, har ya zamana a Turancin Afirka ta Yamma da sunansu ake kiran wannan bindiga.

Yadda take aiki kuwa ba wani boyayyen abu ba ne. Mai ita zai zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya zuba harsashi, ya danna da sanda. In ya ja kunama sai ƙanƙara ta bugi ƙarfe kamar yadda ƙyastu ke yi, tartsatsi ya shiga ta wata 'yar kafa ya kama albarushin da ke ciki. Harbi ɗaya ke nan, sai kuma a sake ɗuri tun daga farko. In damina ta yi albarushi ya sha sanyi, sai ta ƙi tashi. In an cika mata ciki, sai ta fashe a hannun mai ita. Mai karatu ya riƙe waɗannan aibobi, domin su ne mabuɗin labarin da ke tafe.

Jazail a hannun mutanen dutse

Maƙeran Fashtunawa sun ɗauki wannan makami suka gyara shi daidai da ƙasarsu. Suka tsawaita bututun ƙwarai, waɗansu har da tsaga a ciki mai juya harsashi don ya tafi sak, suka lanƙwasa ƙotar, suka yi mata ado da tagulla da ɓawon kifin teku mai sheƙi. Da fari da lagwani ake kunna ta. Daga baya suka riƙa cire wurin ƙanƙara na bindigogin sojan Ingila da suka faɗo hannunsu suna ɗaura wa tasu. Nauyinta bai dame su ba, domin ba a guje ake harba ta ba. Mutum zai kwanta bayan dutse ne, ya ɗora bakinta a kan fā ko a kan 'yan ƙafafun da aka yi mata, ya auna a natse. Bindigar sojan Ingila ta wancan zamani ba ta da tabbas in abin harbi ya wuce yadi 100 zuwa 150, jazail kuwa tana kai ninkin haka ko fiye.

A 1839 Ingilishi suka shiga Afganistan daga Indiya, suka tuɓe Sarki Dost Muhammad suka naɗa Shah Shuja. Ƙasa ba ta karɓe shi ba, tawaye ya tashi, Akbar Khan ɗan Dost Muhammad ya shige gaba. Ran 6 ga Janairu 1842 rundunar Janar Elphinstone ta bar Kabul ta nufi Jalalabad cikin tsananin sanyi, soja kamar 4,500 da mabiya da iyali kamar 12,000. Hanyar ta bi ta cikin matsattsun kwazazzabai, mutanen ƙabilar Gilzai kuwa suna bisa duwatsu da jazail, suna harbi daga inda harsashin soja ba ya isa. Wanda harsashi bai kashe ba sanyi ya kashe shi, waɗansu aka kama su. Ragowar suka yi tsayuwar ƙarshe a Gandamak ran 13 ga wata, a ranar kuma wani likitan soja, William Brydon, ya isa ƙofar Jalalabad a kan doki mai rauni, shi kaɗai Bature.

To, sai mu lura da abu biyu. Na ɗaya, dutse ne ya rufe aibin bindigar, gama mai ɗuri a bayan fā ba ya tsoron doki ya cim masa kafin ya gama. Na biyu, a wurin Fashtunawa bindiga kayan kowane gida ce, uba ya bar wa ɗa, ba sai da iznin wani sarki ba. Wannan ya sa mamaye ƙasarsu ya gagari baƙo. Amma fa sun biya kuɗinsa, domin al'adarsu ta ramuwar jini, wadda suke kira badal, takan sa gaba ta daɗe tsakanin gida da gida har jikoki, sai dattawa sun zauna majalisar jirga kafin a kashe wutar. Da bindigogin zamani suka zo jazail ta koma kayan ado, amma sabon riƙe makami bai tafi ba. Garin Darra Adam Khel, kudu da Fishawar, ya yi suna a duniya wajen kwaikwayon ƙirar kowace irin bindiga, bayan shigar Rasha Afganistan a 1979 kuwa sai Kalashnikov ta cika ƙasar.

Shigowarta ƙasar Kano

Mu dawo gida. Maƙwabtanmu na Barno sun riga mu. Limamin Mai Idris Aloma, Ahmad ibn Fartuwa, ya rubuta cewa a ƙarshen ƙarni na 16 wannan sarki yana da 'yan bindiga Turkawa da kuma bayin gidansa da aka koya wa harbi. A yamma kuma, a 1591, rundunar Maroko mai bindigogi ta karya daular Songai a Tondibi. Littafin Tarihin Kano, wanda aka fassara cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo garkuwa da bindigogi daga Nufe, kuma Sarki Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Tun daga nan aka aza harsashin al'adar da ta dawwama: bindiga kayan fada ce, tana hannun bayin sarki, sarki ne ke ba da albarushi.

Ba bindiga ce ta yi jihadi ba. A Tabkin Kwatto, a 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, da baka da kibiya da 'yan dawaki kaɗan suka kori rundunar Gobir. Akwai ma ruwayar nan sananniya cewa Sarkin Gobir Yunfa ya taɓa auna Shehu da bindiga a Alƙalawa, wutar ta koma kansa ta ƙona shi. A ƙasar Kano ma haka abin yake. Jobawa na Utai, a ƙasar Wudil, waɗanda Malam Bakatsine ya shugabanta, suna cikin manyan gidajen da suka yi jihadin Kano, daga cikinsu ne kuma sarautar Makama ta zauna, wadda ta daɗe tana riƙe da Wudil. Makaman wancan zamani kwari da baka ne, da mashi da takobi, da lifidi da sulke ga masu hali. Shekara 22 bayan Tabkin Kwatto, a 1826, Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya ta Gobirawa. Ya ƙiyasta mayaƙan sun kai dubu 50 ko fiye, amma bindigogin da ya gani a cikinsu ba su kai ɗari ba.

Me ya sa haka, alhali Kano birnin fatauci ce da maƙera? Ƙasarmu fili ce shimfiɗaɗɗe. Ɗan bindiga in ya yi harbinsa ɗaya, kafin ya sake ɗuri barde ya iso kansa da mashi. Ɗan baka kuwa zai saki kibiya da yawa a cikin wannan lokaci, ga dafi a bakinta, ga araha, ba ta kuma jin tsoron damina. Sa'an nan bindiga da ƙanƙara da albarushi mai kyau daga nesa suke zuwa, kowane sarki da ke kan hanya yana so su tsaya a wurinsa. Daɗin daɗawa, sarakuna ba su so makamin da zai iya kayar da mai lifidi ya yaɗu a hannun talakawa ko hakimai. Wanda ya so ya ga aikin dutse a ƙasarmu sai ya dubi Ningi. Daga tsakiyar ƙarni na 19 Ningawa suka addabi kudu da gabashin Kano da hare-hare, Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su, amma da zarar sun shige duwatsunsu sai doki ya rasa ta yi. Abin da dutse ya yi wa Fashtunawa shi ya yi wa Ningawa, ko da yake su akasari da baka suke.

Zamanin Mai Sango

A ƙarshen ƙarni na 19 ne bindiga ta fara yin nauyi a yaƙe-yaƙen wannan yanki. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin birninsa, har aka ba da labarin yana da bindiga 6,000 da igwa 40. A 1893 Rabe ya ci Barno da rundunar da ƙarfinta duk a bindiga yake. A wannan shekara kuma Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi da 'yan'uwansa suka fice suka kafa sansani a Takai. Basasar da ta biyo baya a wannan sashe na su Wudil ta yi ƙarfi, gama a Garko Yusufu ya rasu a 1894, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a wannan shekara. Manyan bayin sarki da yawa sun bi Yusufawa. Laƙabin Sarki Alu, watau Mai Sango, shi kansa shaida ne, domin sango wani ɗan mashi ne da maharban giwa ke cusawa a bakin bindiga su harba. A zamaninsa 'yan bindigar fada sun ƙaru, ya kuma kara da Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga wanda ya kawo yaƙi har Gezawa.

Sai dai kafin nan Turawa sun riga sun rufe ƙofa. A yarjejeniyar Burasal ta 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, a bar musu ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka ran 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da Kanar Morland ya iso bayan ganuwar Kano da soja waɗanda ba su kai dubu ba, da igwa 4 da bindiga mai ruwa ta Maxim 4, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato, 'yan bindigar da ke kan ganuwa sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma igwa ta fasa ƙofa aka shiga ta Kabuga. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi a ƙarshen watan, Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. Kada wani ya ce rashin jaruntaka ne. Fashtunawa a 1842 sun gamu da Ingilishi ne a lokacin da makamin ɓangarorin biyu ɗuri ne, har nasu ya fi nisa. Kakanninmu kuwa sun gamu da su bayan shekara 61, a fili, lokacin da bindiga ɗaya ke zubar da harsashi ɗaruruwa a minti guda.

Bayan yaƙi ya ƙare

Da aka daina yaƙi, bindigar toka ta rabu gida biyu. Ɗaya ta zauna a fada ta zama kayan alfarma, ba harsashi sai albarushi da hayaƙi, tana cikin abubuwan da ke ƙawata hawan Sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disamba 2024. Ɗayar ta koma hannun maharba da manoma masu korar biri da gyado daga gona. Maƙeran ƙauye suka koyi ƙera ta da bututun ƙarfe da itace mai ƙwari, ba sai an jira fatake ba. Duk da haka ba a bar ta sakaka ba. Maharbi yana da Sarkin Baka a kansa, maƙeri yana da Sarkin Maƙera, dukansu kuma mai unguwa da dagaci da hakimi sun san su. Dokar makamai ta 1959 ta zo ta sa bindigar ɗuri a aji na dabam, ta ɗora al'amarin lasisinta a kan kwamishinan 'yan sanda na jiha, ta kuma hana ƙira da gyara sai da izni.

Wannan tsari shi ne gadon da muke ganin ya fi bindigar kanta daraja. Ƙasar Kano ba ta sami abin da Fashtunawa suka samu na gagarar baƙo ba, amma ta tsira daga abin da ya same su na gabar jini tsakanin gidaje, domin a nan makami yana da mai shi sananne, mai shi kuma yana da na gaba da shi. A Wudil, inda kowace Juma'a dubban mutane da shanu ke haɗuwa a kara daga ƙasashe dabam-dabam, ciniki ba zai yiwu ba in da kowane mai saye da mai sayarwa da bindiga a ƙarƙashin riga yake.

Abin da ke gabanmu

Yau tsarin nan yana cikin haɗari ta fuska biyu. Ta fuskar farko, satar shanu da satar mutane sun sa ƙauyuka da yawa a Arewa sun koma ga maƙera neman abin kare kai, ana ba samari 'yan sintiri bindiga ba tare da horon da maharbi ke samu a wurin ubansa ba. Ga shi kuwa wanda za su tara yana riƙe da bindigar zamani, watau ƙaramin 1903 ke nan ake maimaitawa a bakin daji. Ga kuma bututun da ba a gwada ba yana fashewa ya tafi da yatsu ko ido, ga ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ta fuska ta biyu, maharbin kirki ya zama abin zargi a inda ba a san shi ba. A ƙarshen Maris 2025, saura kwana kaɗan a yi ƙaramar Salla, aka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo ɗauke da mafarauta 'yan ƙasar Kano da ke dawowa gida daga Fatakwal. Da aka ga bindigogin toka tare da su sai aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a suka kashe 16 daga cikinsu, waɗansunsu mutanen Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, ba nisa da Wudil. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Wannan zalunci ne tsantsa, babu shari'ar da ta yarda a kashe rai a kan zato, kuma alhakin hukunta masu laifi yana wuyan hukuma. Amma ya nuna mana cewa shaidar da mai unguwa ke yi wa maharbi a gida ba ta bin sa zuwa wata jiha.

Shawararmu ga iyayen ƙasa da hukuma ita ce a mayar da tsohon tsari a rubuce. Kowane Sarkin Baka ya riƙe littafin mutanensa, kowace bindiga ta sami lamba da lasisi a farashin da talaka zai iya, maharbin da zai yi tafiya ya ɗauki takardar shaida wadda 'yan sandan jihar da za shi suka san da ita. Maƙeri kada ya ƙera wa wanda bai zo da shaidar dagacinsa ba. Wudil ta fi ko'ina dacewa a fara wannan, tun da makarantar horon manyan jami'an 'yan sanda ta ƙasa a nan take. Malamai kuma su tunatar a masallatai cewa makami amana ne, nuna shi ga ɗan'uwa ko da wasa abin hani ne, kare gari kuwa aiki ne da ake yi ƙarƙashin shugaba.

Sauran roƙonmu ga masu tsofaffin bindigogin gado ne. Da yawa suna jingine a zaure tsatsa na cin su, waɗansu an sayar wa 'yan gwangwan a kan awo. Kowace ɗaya tana da labarin wanda ya ƙera ta da wanda ya riƙe ta, ko a Basasa ko a kan ganuwa. A kai su Gidan Makama da ke birni, ko a adana su a gidan hakimi, ɗalibanmu kuma su zauna da dattawan maharba da 'yan bindigar fada su rubuta abin da ke bakinsu tun suna raye. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya bar bindiga a filin hawan Salla. Wassalam.